Shekarar da Unguwa Ta Zuba Mini Toka

Kai mai farar shadda, ja da baya kaɗan kada ka koma gida a ce na ɓata maka kaya. Na ji abin da ka raɗa wa abokinka da kuka shigo, kunnena ƙalau yake, gwiwa ce kawai ta gaji. Wai wannan ai ba sana'a ba ce, tara shara ne a zauna a jira ta ruɓe. To madalla! Ku samu wuri ku zauna a kan buhunan nan, busassu ne. Tunda shugaban ƙungiyarku ya turo ku koyon haɗa taki wurin Iro Mai Taki, sai kun sha labari kafin ku taɓa cebur.

Da farko ku sani, a Daura abinci ba ya zama shara da sauƙi. Tuwo ya kwana a yi ɗumame, ya ƙi ɗumamuwa a shanya shi a ba tumaki. Ɓawon kankana ma da masu jiransa. Abin da ke isowa wurina shi ne wanda mutum ya ƙi, akuya ta shinshina ta kau da kai: ruɓaɓɓen tumatir, albasar da ta zama ruwa, mangwaro mai tsutsa, kabejin da ya narke a buhu, shinkafar biki da ta yi yauƙi. Da wannan na yi aure, da shi kuma na aurar.

Aikina na farko a hannun maigidana, marigayi Malam Tanimu mai lambu, sara ne. Na zo masa ina saurayi, ina ganin ƙarfi shi ne komai. Ya ajiye mini kwandon lalataccen kabeji da wata tsohuwar adda, ya ce in daddatsa. Na yi masa saran ganin dama na ce na gama. Ya ɗauki gutsure ɗaya ya juya shi a hannu.

Ya ce, "Iro, in aka ba ka loma kamar wannan, za ka iya haɗiyewa?"

Na ce, "A'a, Malam."

Ya ce, "To masu cin wannan bakinsu bai kai naka ba. Koma."

A lokacin ban san su wane ne masu cin ba. Shi ma bai san sunansu ba, ya dai san akwai su. Bayan sara kuma sai tsintar leda. Wanda yake ganin aikin nan wasa ne, ya yini yana zare ledar fiya-wata daga cikin ruɓaɓɓen tumatir, sannan ya zo mu gaisa.

Shi ya koya mini ɗora tsibi. Karan gero a ƙasa don iska ta samu hanya, sai jiƙaƙƙen kaya, sai busasshe, ko ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, abin da dai aka samu, sai kashin shanu, a sake komawa farko. Ma'auninsa hannu ne. Ka damƙi taki ka matse: in ruwa ya biyo tsakanin yatsu, ya jiƙe da yawa, in ka buɗe hannu ya warwatse, ƙishirwa yake ji. Sai rodin nan da kuke gani a jingine, na gado ne. A soka shi tsakiyar tsibi a bar shi, a zaro a taɓa. Da zafi, aiki na tafiya. Ba zafi, an yi barci. A wancan zamanin mukan ɗora tsibi bayan girbi, ba ma samun taki sai dab da damina, kuma tsakanin nan da can ƙuda ne abokan hirarmu.

Wata rana malamin gona, Malam Sabi'u, ya zo a kan babur ɗinsa da wata kwalba mai ruwa ja-ja. Malam Tanimu ya buɗe ya shinshina, ya ji tsami-tsami da zaƙi-zaƙi, ya ce, "Malam, maganin tari ka kawo mana?"

Malam Sabi'u ya yi dariya ya ce, "Baba, leburori na kawo maka. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Su ne ke cinye sharar nan su mai da ita taki. Da ma akwai irinsu a cikin tsibinka, sai dai kafin na kirki su yi yawa, masu sa wari sun riga su kama wuri. In ka zuba waɗannan tun farko, ka ba na kirki rinjaye."

Da ya ga tsoho bai gamsu ba sai ya ce, "Yaya Bafillatana take yin kindirmo?"

Malam Tanimu ya ce, "Ta zuba ɗan na jiya a cikin madarar yau."

Malam Sabi'u ya ce, "To shi ke nan, wannan ma iri ne."

Daga ranar muke ce masa ruwan iri. Amma Malam Tanimu ba ya yarda da abu sai ya gwada. Ya sa muka ɗora tsibi biyu kafaɗa da kafaɗa, kaya iri ɗaya, hannu ɗaya. Ɗaya muka yayyafa masa ruwan iri hawa-hawa, ɗaya muka ba shi ruwan rijiya zalla. Mai irin shi ya fara ɗaukar zafi, har rodi ya gagari riƙo, alhali ɗan'uwansa ɗumi kawai yake yi. Ƙuda suka taru a kan ɗaya suka ƙyale ɗaya, kamar an raba musu gado. Mai irin ya zauna da wuri, ya yi baƙi, ya huce, muka tankaɗe shi muka kai lambu. Ɗayan ma daga baya ya nuna, kada in yi muku ƙarya, kuma da muka zuba wa albasa ba ta ce ga wanda ta fi so ba. Abin da irin ya saya mana shi ne lokaci da zaman lafiya da hanci. A sana'ar da ake yi kusa da gidajen mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kiwon irin shi ma aiki ne. Kwalba ɗaya mukan saya mu hayayyafa ta a shuɗin duron can da ke ƙarƙashin darbejiya. Abincinsu mazarƙwaila ce, a jiƙa ta a zuba. Ruwan rijiya suke sha, na famfo in yana warin magani kashe su yake yi. Ba sa son rana, ba sa son a bar murfi a buɗe, amma kullum sai an ɗan sassauta shi sun yi gyatsa, in ba haka ba duro ya kumbura kamar cikin wanda ya ci wake a gidan biki. Matata Uwani, mai fura ce, takan ce na fi kula da duron nan a kan yadda nake kula da ita. Nakan ce ai ita tana da bakin faɗin abin da ke damunta.

Masu saye kuwa kala-kala. Masu lambun bakin dam ba sa tambaya, hannu suke turawa can ƙasan buhu, in suka ji ɗumi su ce bai nuna ba, zai ƙona musu dashe, kuma gaskiyarsu ne. Matan gari sukan aiko a auna musu kwano ɗaya don zogalen tsakar gida. Wani Alhaji ya taɓa ɗaukar jarka guda ta ruwan iri, ya je ya tuttule ta a busasshiyar gona da tsakar rana, ya dawo yana huci wai masararsa ba ta canza ba. Na ce, "Alhaji, ka kai leburori wurin aiki, ba inuwa, ba ruwa, ba abinci. Ko kai ne ai gudu za ka yi." Akwai kuma wani bawan Allah daga Dutsi, Malam Isuhu, da ya tambaye ni ko zai iya ɗura wa sansa don ya yi ƙiba. Na hana shi, muka zama aminai, har yau shi yake kawo mini ƙaiƙayi a amalanke.

Filin nan da kuke zaune ba nawa ba ne. Aro ne, mai unguwa ya ba Malam Tanimu tun wurin yana bayan gari, ba kowa sai dila. Gari ya yi ta tafowa har ya kewaye mu. Da Malam ya rasu aka bar mini shi bisa sharaɗi ɗaya: kada in cuci maƙwabta. Katangar can ta gabas ta Malam Habu tela ce, mutum mai sanyin hali, wanda in ka taka shi ma shi zai ce ka yi haƙuri. Mun zauna shekaru ko musu bai taɓa haɗa mu ba, sai a shekarar da zan ba ku labari.

Farkon bazara ne, tumatir ya yi arha har masu shi suna roƙon a ɗauka. Muka tafi Baure ni da Uwani, bikin ɗiyar ƙanwarta, muka yi 'yan kwanaki. Ashe bayan tafiyarmu wata babbar mota da ta yi lodin tumatir za ta Kudu ta lalace a bakin tasha. Kafin a samo abin gyara, kaya sun narke. Masu gwari, mutanena na amana, suka dubi juna suka ce, "Kai, ga arzikin Iro ya zo yana can yana cin shinkafar biki!" Suka sa aka kwaso shi kaf aka juye mini a fili, a kan tsibin da na bari yana tsakiyar aiki. Masu kifi suka ga ana alheri, suka ce ba za a bar su a baya ba, suka ƙara da nasu. Ba kara, ba ƙaiƙayi, ba mai juyawa, ga rana tana dukansa.

Da wari ya tashi sai unguwa ta yi abin da ta gada. Kun san mu, duk abin da ya yi ɗoyi maganinsa toka: masai toka, kwata toka, mushe toka. Aka bi gida-gida, kowace mace ta kwashe murhunta, masu tuwo-tuwo da masu gidan burodi suka ba da tasu buhu-buhu, aka lulluɓe tsibin nan fari fat. Toka kaɗan ba laifi, ni ma nakan barbaɗa. Amma wannan ta haɗu da ruwan tumatir ta kame kamar daɓe, ta toshe duk wata kafar iska. Daga sama ka ga abu tsaf, a ƙasa kuwa ana dafa bala'i, yana tsattsafowa ta gefe yana bin gindin katanga.

Ranar da muka dawo, ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga tasha ya taka birki tun daga bakin masallaci ya ce, "Baba, ni iyakata nan. Allah ya ba ka haƙuri."

Na ƙarasa da ƙafa. Ban tsaya kallon tsibin ba, duro na nufa, don na san in irina na da rai komai mai gyaruwa ne. Na ɗaga murfi. Toka ce har wuya, ta yi kunu. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Irin da nake kiwo tun Malam Tanimu na da rai, an kashe mini shi da rana tsaka. Na miƙe ina faɗa, ina cewa yau sai na ga wanda ya yi mini wannan aika-aika, ko ɗan uban wane ne. Sai na ji gyaran murya a bayana. Mai unguwa ne, ya toshe hanci da gefen rawani.

Ya ce, "Iro, sannu da hanya. Ka ga duron nan? Ni da hannuna na gyara maka shi. Na buɗe na ji tsami ya buge ni, na ce to ga uwar ɓarnar nan."

Na haɗiye abin da ke bakina na ce, "Ranka ya daɗe, an gode. Allah ya saka da alheri."

Da la'asar ya kira ni zaurensa. Na tarar da Malam Habu a zaune, kansa a ƙasa, yana wasa da bakin tabarma. Mai unguwa ya ce ya faɗi abin da ya kawo shi.

Malam Habu ya ce, "Malam Iro, ka san ni ba mai kai ƙara ba ne. Iyalina ce ba ta jin daɗi. Ko ruwa ta sha ba ya zama. Tagar ɗakinta kuma ka san inda take kallo."

Mai unguwa ya ce, "Iro, ka san sharaɗin filin nan. Watan nan bai daɗe da kamawa ba, na ba ka zuwa tsayuwar na gaba. In an gyara, falillahil hamdu. In ba a gyara ba, ka nemi wani wuri, kada ka ga laifina. Kuma ba ni zan yanke ba, ni hancina ya tsufa. Wadda abin ya kwantar ita za ta ce an gyara ko ba a gyara ba."

Da na koma gida Uwani ta fassara mini. Ta ce, "Kai ma dai! Juna biyu gare ta. Shekara nawa suna nema, sai yanzu Allah ya kawo, ga laulayi ga wannan masifa taka. Mai ciki kuwa tana jin warin albasar da ake yankawa a unguwar gaba." Tsoro biyu suka kama ni, na rasa filin da ba ni da wani, da na a ce sana'ata ta jawo wa baiwar Allah asara.

Washegari na nufi gidan Malam Sabi'u, lokacin ya yi ritaya yana kiwon zabi. Na ce a taimaka mini da kwalba. Ya ce rabonsa da ganin irinta a garin nan an daɗe, sai an aika Kano, kuma ba tabbas. Ya sa na ba shi labari tun daga tumatir har toka, yana dariya har da share hawaye, sannan ya natsu.

Ya ce, "Iro, ko tanka guda na ba ka yau, ba abin da zai yi wa wannan tsibi. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Fasa shi za ka yi, ka raba ƙanana, ka ba shi busasshen kaya da iska. Wannan shi ne farko. Iri kuwa, ai a gidanka ake zubar da shi kullum. Matarka ba fura take yi ba?"

Ya koya mini. Ƙasari, wato ruwan da aka wanke surfaffen gero, a rufe shi a inuwa har ya yi tsami. A haɗa da madara a bari ta tsinke, a kwashe na sama, a tace ruwan ƙasa mai ɗorawa-ɗorawa, a ba shi mazarƙwaila. Ya ce wannan zai danne wari. Masu kawo zafi kuma suna cikin tsohon takin da ya nuna, in ina da saura in riƙa barbaɗa shi tsakanin hawa da hawa. Allah ya sa akwai buhunan da ban sayar ba.

Ƙasarin Uwani kaɗai ba zai isa ba, sai ta yafa mayafi ta bi gidajen nan da suka ba da toka. Ta ce musu, "Kun kashe wa mijina leburori, sai ku biya diyya da ƙasari." Mata suka yi ta dariya, aka fara aiko shi a bokiti da tulu da tsohuwar jarkar manja. Na wanke duro har sai da hannuna ya saɓule, na sake ɗaura kiwo. Fulanin da ke kawo wa Uwani nono suka kawo madara. Malam Isuhu ya iso daga Dutsi da amalanke shaƙe da ƙaiƙayi da kara.

Mai unguwa da kansa ya kira gayya, ina jin abin duron nan ya ɗan tsaya masa a rai, don an gaya masa irina ya kashe da tokarsa. Ranar fasa tsibi aka kai matar Malam Habu gidan yayarta a cikin gari. Shi kuwa ya fito da cebur, da ƙunshin takunkumin hanci da ya ɗinka da ragowar atamfa. Sai ga manyan magidanta, masu gemu, kowa da fulawa ja da kore a fuska. Ladan ya samu mai hoton tantabaru. Da na ɗaga diga na fasa ɓawon tokar nan, abin da ya fito ba ya faɗuwa. Masu gwarin da suka yi mini kyautar suka watse har bakin titi, sai da na bi su ina cewa, "Ku dawo, arzikina ne, ku taya ni kwasa!" Muka yini muna yi. Tokar da ta kame muka ɓamɓare muka kai gefe. Sauran muka cakuɗa da ƙaiƙayi, muka ɗora ƙananan tsibi a jere a kan kara, kowane hawa da barbaɗin tsohon taki. Gindin katangar Malam Habu muka kankare shi muka zuba sabuwar ƙasa.

Da sabon iri ya kai, na bi su da yayyafi ina juyawa. Bai ishe su duka ba, na can ƙarshe bai samu ba sai jira. Kwanakin farko in na zaro rodi sai in ji shi kamar an ciro daga randa. Ba na iya cin abinci sosai. Uwani ta ce in na rame na mutu ita ba za ta gaji ruɓaɓɓen tumatir ba. Sai wata safiya bayan na dawo daga masallaci na hango tururi yana tashi a kan tsibin farko. Na zaro rodi na damƙa, na yar da shi ina yarfe hannu ina kabbara. Na tona gefe na ga farin zare-zare ya bi cikin ƙaiƙayi, alamar an kama aiki ke nan. Wanda bai samu iri ba shi ma ya ɗau ɗumi daga baya, amma shi kaɗai ya ci gaba da tsami yana tara ƙuda, har sai da iri na biyu ya kai na ba shi rabonsa. Daga nan ba ni da aiki sai juyi. Wanda ya bushe in ba shi ruwa, wanda ya jiƙe in ƙara masa ɓuntu. Kafaɗata har yau tana tuna mini watan nan.

Matar Malam Habu ta dawo ɗakinta. Mutane suka daina toshe hanci in za su wuce, ɗan acaɓa ya koma kawo ni har ƙofa. Amma ni ban saki jiki ba. Hancin da ya shekara da shekaru a cikin taki ba shaida ba ne, kuma ba ni da hanyar tambayar matar mutum.

Aka ga wata. Da hantsi mai unguwa ya zo aka ajiye masa kujera a ƙarƙashin darbejiya, mutanen gayya suka taru, har da masu gwari. Ya aiki Malam Habu ya shiga ya tambayo. Ya fito yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ce a iska dai ba ta jin komai. Amma da ta tuna abin nan yana bayan katangarta sai zuciyarta ta tashi. Har yanzu ba ta iya cin abin kirki."

Na san wannan ba abin da cebur zai gyara ba ne. Mai unguwa ya shafa gemu ya ce, "To ai ba a yanke wa wanda ba a gani ba hukunci. Iro, ɗebo mata abin da kansa. In ta gani ta ce a tashi, an tashi."

Na aika gida Uwani ta ba da sabuwar ƙwarya. Na je tsibin farko, wanda ya riga ya huce, na tura hannu can ciki na ɗebo, na tankaɗe a rariya. Baƙi ne siɗik, da ɗan danshi, yana wargajewa a hannu. Na miƙa wa Malam Habu da hannu biyu, ya shiga da shi.

Muka zauna. Kowa ya kasa kunne wajen katanga, muna jiran mu ji kakarin amai. Shiru. Ladan ya fara jan carbi. Wani mai gwari ya matso ya raɗa mini wai akwai fili a hanyar Dutsi in abin ya ƙi, na ce ya rufe mini baki. Can sai ga Malam Habu ya fito hannu wofi, yana tafe kamar wanda aka tasa daga barci.

Mai unguwa ya ce, "Ina ƙwaryar?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ta hana."

"Ta hana kamar yaya?"

"Da farko ta kau da kai. Sai ta ɗan shinshina. Sai ta karɓe daga hannuna ta kifa fuska a ciki. Ta ce ƙamshin ƙasa yake yi, irin na ranar da aka yi ruwan fari, wai tun da cikin nan ya shiga abin da ranta ke nema ke nan, ta rasa wanda za ta gaya wa. Yanzu haka ta ajiye ta kusa da matashin kai." Ya juyo ya dube mu. "Ta ce in sa a ɗumama mata tuwo, da man shanu."

Wurin nan ya kaure da dariya da kabbara. Na ce, "Malam Habu, don Allah ka gaya mata shinshinawa kawai, ban da ci!" Mai unguwa ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, "To Iro, alƙali ya yanke. Ci gaba da aikinka."

Jama'a suka watse, na tsaya ni kaɗai a tsakiyar fili, ina so in yi dariya hawaye na zuwa. Ban gama share fuska ba na ji sallama. Malam Habu ne ya dawo, ya ɓoye wani abu a bayansa, kunya kamar ta kashe shi. Ya fito da shi: kwanon sha ne babba, mai murfi.

Ya ce, "Malam Iro, ka yi haƙuri. Ta cinye tuwon tas. Wai a cika mata wannan ma da takin, kada na ƙwaryar ya bushe cikin dare."